Tseren kacici-kacici a Birnin Katsina: abin da mutum biyu ya kamata su sani kafin a hura usur

Ana yin wasan tseren kacici-kacici a manyan biranen Turai da Amurka, amma tsarinsa bai da wuyar fahimta. Ana raba masu gasa bibbiyu, a ba kowace tawaga takarda mai ɗauke da kacici-kacici kamar goma sha biyu. Amsar kowane ɗaya sunan wani wuri ne a cikin gari. Ku warware, ku isa wurin, ku ɗauki hoto ku biyu a gabansa ko ku yi wani ɗan aiki da aka tanada, sannan ku dawo inda aka tashi. Wanda ya riga dawowa da cikakkun amsoshi shi ya ci. A mafi yawan irin waɗannan gasa ba a yarda da motar gida ba, ƙafa ce ko abin hawa na haya. Duk ƙungiyar matasa ko ta ɗalibai da ta shirya irinsa a Katsina ta yi dace da gari, domin ga ƙofofi, ga hasumiyar Gobarau, ga Gidan Korau, wato fadar Sarki, ga unguwannin da kowace sunanta tarihi ne. Sai dai wannan wadatar ita ce kuma take kayar da waɗanda suka shigo da ƙarfin ƙafa kaɗai.

Da zarar an miƙa takarda, za ku ga rabin mutane sun zabura sun nufi titi. Kada ku bi su. Ku nemi inuwa ku zauna minti goma sha biyar zuwa ashirin. Na san zaman yana da ciwo, kana kallon wasu suna ɓacewa a kwana, amma lissafin a fili yake. Mai tafiya da sauri yana cin kilomita ɗaya a kamar minti goma sha biyu a kan titi, a lungu kuwa ya kai goma sha biyar. Idan kuka je wuri ɗaya a kuskure mai nisan kilomita ɗaya, zuwa da dawowa kun zubar da rabin awa. Zaman minti ashirin ya fi wannan araha, kuma yana kare ku daga kuskure fiye da ɗaya. Sauri ya haifi nawa, in ji masu magana, kuma a wannan wasan ana ganinsa da ido.

Abu na farko a zaman shi ne ku ɗauki hoton takardar gaba da baya da wayoyinku biyu, saboda gumi da ruwan leda suna cinye tawada. Sai ku karanta ta duka da baki, ɗaya yana karantawa ɗaya yana sauraro, har da ƙananan rubutun ƙasa, wanda a nan ake ɓoye dokoki irin su a wane wuri ne dole a je kafin ƙarfe kaza, ko guda nawa aka yarda a tsallake. Bayan haka ku raba kacici-kacicin gida uku da biro: waɗanda kuka san amsarsu nan take, waɗanda suke buƙatar bincike a waya, da waɗanda sai an tambayi mutum. Ɗaya ya ɗauki masu lambar mara, ɗaya masu lambar cika. Kada ku haɗu a kan guda ɗaya kuna gardama, ɓarnar kai biyu ce a kan aikin kai ɗaya. Wanda ya gagari ɗayanku minti uku, ya miƙa wa ɗan'uwansa, ya karɓi nasa.

Irin kacici-kacicin da za a iya haɗawa a kan Katsina ya kasu kashi-kashi, kuma kowane kashi da tarkonsa. Mafi sauƙi shi ne wasa da suna. A ce muku ku je ƙofar abin da ake zurawa a rijiya, kun san Ƙofar Guga ake nufi. A rubuta muku ASURAM, ku karanta daga baya ku sami Marusa. Wanda ya fi kama mutane shi ne na lambobi a madadin haruffa. A ba ku 11-1-21-18-1. Idan kuka ƙirga da jerin haruffan Ingilishi, K ce ta goma sha ɗaya, A ta ɗaya, U ta ashirin da ɗaya, R ta goma sha takwas, sai ku sami KAURA, wato Ƙofar Ƙaura. Amma idan kuka ƙirga da jerin haruffan Hausa, inda ɓ da ɗ suke da nasu gurbin, harafi na goma sha ɗaya zai zama I, komai ya rikice. Don haka duk lokacin da lambobi suka ba ku kalmar da ba ta da ma'ana, ku sake gwadawa da ɗaya jerin kafin ku ce an yi kuskure a takarda.

Na tarihi su ne masu daɗi, su ne kuma waya take yaudarar mutum a kansu. Ɗauki wannan: makarantar da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Idan ka buga a intanet, akwai yiwuwar a nuna maka Kwalejin Barewa ta Zariya, kuma ba ƙarya aka yi maka ba, domin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ita ce aka mayar Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. Amma ginin da suka zauna a cikinsa yana nan Katsina, shi ne gidan tarihi na yanzu, can za ku. Haka idan aka ce ƙofar da Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo gari ta cikinta a 1903, Ƙofar 'Yanɗaka ce. Idan aka ce hasumiyar da ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, Gobarau ce, babu wani kokwanto. Inda ake shan wahala shi ne sunan da ya bazu a wurare da yawa. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, sunansa yana kan babban filin wasa na jiha, yana kan wasu wuraren ban da shi. Haka sunan ɗansa Usman Nagogo, haka na marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa. Idan amsa ta fito da irin waɗannan sunaye, ku koma ku karanta kacici-kacicin kalma-kalma. Kusan kullum akwai kalma ɗaya da mai shiryawa ya saka don ta bambanta fili da titi, ko titi da makaranta.

Sai maganar ƙofofi, wadda ta cancanci a daɗe a kanta. Ƙofofin ganuwa da kowa ya sani su ne Guga, 'Yanɗaka, Ƙwaya, Ƙaura, Marusa, Durɓi da Sauri. Ƙofar Soro ba ta cikin wannan jerin, ita ƙofar fada ce, a tsakiyar gari take. Amma a waya, cikin ƙarar babura, Soro da Sauri kusan abu ɗaya kunne yake ji, kuma tsakaninsu tafiya ce. Idan kuna da mai taya ku daga gida, ko kuna gaya wa mai Napep inda za ku, ku ce Ƙofar Soro ta gidan Sarki, kada ku tsaya ga sunan kawai. Tarko na biyu shi ne sunan ƙofa a yau ya zama sunan unguwa sukutum. Ka ce wa mai Napep Ƙofar Ƙaura, zai iya sauke ka ko'ina a yankin, kuma bai yi laifi ba. Ka ce masa daidai ginin ƙofar kake so. Na uku, ganuwar da ta haɗa ƙofofin ta zaizaye a wurare da yawa, gidaje sun hau gurbinta, an kuma sake gina wasu ƙofofin. Kada ku ɗauka za ku bi jikin ganuwa daga wannan ƙofa zuwa waccan kamar yadda tsohuwar taswira take nunawa.

Idan kun warware takwas ko tara cikin goma sha biyu, ya isa ku tashi, sauran za a warware su a hanya. Amma kafin ku miƙe ku zana da'ira a bayan takarda, ku sa ƙofofin a gefenta gwargwadon inda suke, ku sa Ƙofar Soro da Gobarau a ciki, sannan ku ɗiga kowane wuri da kuka gano. Lambar da aka ba kacici-kacici a takarda ba ita ce jerin tafiya ba, masu shiryawa da gangan suke warwatsa su. Ku zaɓi hannu ɗaya, dama ko hagu, ku zagaya, kada ku riƙa ratsa tsakiyar gari kuna komawa. Wuraren da suke da lokacin rufewa, kamar gidan tarihi, su ake sawa a gaba. Wuraren da za a yi wani aiki, kamar a ce sai kun ɗaure kai da rawani ko kun haddace wani kirari kun maimaita, layi yake taruwa a wurinsu, saboda haka ko dai ku riga kowa ko ku bari sai taron ya watse. Wanda ya fi kowanne nisa kuwa, ku auna shi da tarar da aka sa. Idan doka ta ce wanda ya tsallake guda za a ƙara masa minti ashirin, zuwa wurin da dawowa kuma zai ci minti talatin da biyar, tsallakewa ita ce riba. Mutane da yawa ba sa iya wannan saboda zuciya ba ta son barin gurbi a takarda.

A hanya aikin ya rabu biyu kuma kada ya cakuɗe. Ɗaya shi ne jagora: idonsa a kan hanya, shi yake tsayar da Napep, shi yake ciniki, shi yake riƙe da kuɗi da agogo. Ɗayan shi ne mai takarda: yana bin bayan jagora, yana ci gaba da warware abin da ya rage, shi yake soke wanda aka gama, shi yake duba hoto. Wanda ya fi sanin gari shi ya kamata ya ja, ko da shi ne ƙarami. Ku yanke wannan tun a gida, tare da wanda maganarsa za ta zama ta ƙarshe idan kun saɓa, domin gardamar mu bi nan ko mu bi can a bakin mararraba tana cin minti biyar ba a sani ba, tana kuma barin ɗaci har ƙarshen gasa. A zaɓen abokin tafiya ma, ni na fi son wanda ya san abin da ban sani ba a kan wanda ya fi ni gudu. Ɗan cikin gari da ya tashi a lungunan Masanawa ko Gambarawa, a haɗa shi da mai saurin bincike a waya, sun fi 'yan ƙwallo biyu. Gudun tawaga kuwa gudun mai nawar cikinsu ne, tunda doka ba ta yarda ku rabu ba.

Taswirar waya tana da amfani a manyan tituna. Da kun shiga cikin gari sai ta fara ruɗewa: lungu da yawa babu su a ciki, wanda ta nuna a buɗe ka tarar ya ƙare a ƙofar gidan mutane, ɗigon da yake nuna inda kake kuma yana tsalle saboda katangu sun matse. A nan baki ya fi waya. Matambayi ba ya ɓata, amma tambayar tana da ladabinta, kuma a Katsina ba a wasa da wannan. Ba a tunkarar dattijo a guje a jefa masa tambaya. Ka rage sauri tun daga nesa, ka yi sallama, ka rusuna, ka ce Baba ina wuni, sannan ka ce don Allah ta ina za mu ɓulla Gobarau. Duka bai wuce daƙiƙa talatin ba, kuma sau da yawa za a haɗa ku da yaro ya kai ku har wurin. Wanda ya tsallake gaisuwa zai sami amsa da gefen baki, ko a nuna masa doguwar hanya. Waɗanda suka fi ba da amsa mai kyau su ne masu zama wuri ɗaya: mai shayi, tela, mai faci, dattawan dakalin masallaci. Kada ku karanta musu kacici-kacicin gaba ɗaya, ku tambayi wurin da sunansa. Idan amsar da aka ba ku za ta sa ku yi tafiyar da ta wuce minti goma, ku tabbatar da ita a bakin mutum na biyu.

Akwai wuraren da gasa ba ta ba ku izinin komai ba. Zauren gidan mutane ba hanya ba ne, ko da kun hango ɗaya lungun ta cikinsa. A Ƙofar Soro ku gaida dogarai, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku nemi izini kafin ku ɗaga waya. Idan kacici-kacici ya ambaci Wali Ɗan Marina, ku sani maƙabarta ce a wurin, a can aka binne Shugaba 'Yar'aduwa a 2010, kuma mutane suna kai 'yan'uwansu. Ku tsaya daga waje, ba gudu, ba dariya. A ganina bai ma kamata mai shirya gasa ya sa maƙabarta a takarda ba. Haka nan kada ku ɗauki hoto a gaban ofishin jami'an tsaro ko shingensu ko banki, kuma ku lura kada matan mutane su faɗo a bayan hotonku.

Hoton shi kansa yana kayar da tawagar da ta yi komai daidai. Doka yawanci tana cewa fuskokinku biyu da wurin duk su fito. Hasumiyar Gobarau ta kai kamar mita goma sha biyar, idan kuka tsaya a gindinta kuka juya kyamarar gaba, abin da zai fito shi ne kawunanku da jar katanga, wadda za ta iya zama ta kowane gida. Ku ja baya sosai, ku sauke wayar zuwa ƙirji, ku ɗan karkata ta sama. A ƙofofi ku tabbatar rubutun sunan ya fito ana iya karanta shi. Idan rana tana bayanku fuskokinku za su yi baƙi ƙirin, sai ku sauya gefe. Ku ɗauki uku, mai takarda ya buɗe ya duba kafin ku ɗaga ƙafa, sannan ya tura wa ɗayar wayar ta WhatsApp, don idan waya ɗaya ta mutu ko ta faɗi kada aikin yini ya bi ta.

Wayar ma sai an tattala ta. Taswira da kyamara da hasken fuskar waya a ƙure suna iya shanye batir cikin awa uku zuwa huɗu, rana kuma tana sa waya ta yi zafi har ta ƙi ɗaukar hoto. Ku sauke taswirar Katsina a Google Maps tun daren jiya yadda za ta yi aiki ba data, ku zo da fawa bank ɗaya cikakke da igiyarsa, ku riƙa mayar da waya aljihu idan ba a amfani da ita. Zai fi kyau layukanku biyu su zama na kamfani daban-daban. Sauran kaya ba su da yawa: biro biyu, kwali ɗan ƙarami na dannawa a yi rubutu, leda ta saka takarda, hula, da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon kambas zai yi muku kanta kafin wuri na biyar, silifas kuma yana tsinkewa. Kuɗin Napep ku canza su ƙanana, 'yan ɗari da 'yan ɗari biyu, a aljihun gaba, domin jiran canjin dubu ɗaya ko jiran taransifa ta shiga yana cin lokacin da kuka yi gudu kuka tara. Ku yi ciniki kafin ku hau, ku kuma gaya masa ba za a tsaya ɗaukar wasu ba, in ya so ku biya kuɗin kujerun. Idan tazarar ba ta kai rabin kilomita ba, ƙafa ta fi, musamman kusa da Babbar Kasuwa ko 'Yar Kutungu inda cunkoso yake tsayar da komai. Ku biyu a kan acaɓa ɗaya kuna ce masa ya yi sauri, wannan kam kada ku fara.

Yanayi yana sauya lissafin gaba ɗaya. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yana haura digiri 40 da rana, kuma a irin wannan lokacin kowannenku yana buƙatar ledar ruwa ɗaya, wato rabin lita, duk bayan kamar rabin awa, ko bai ji ƙishi ba. Ba sai kun ɗauko da yawa ba tunda ana sayarwa ko'ina, biyu-biyu a jaka sun isa. Ku riƙa kallon juna. Idan abokinka ya fara ciwon kai, ko jiri, ko maganarsa ta fara rikicewa, gasa ta ƙare a nan: inuwa, ruwa a jiki da a baki, idan bai dawo daidai ba sai asibiti. Disamba da Janairu sun fi daɗin tafiya, sai dai ƙura, wadda take busar da maƙogwaro ta kuma dusashe hoto, don haka a riƙa goge gilashin kyamara. Lokacin salla kuwa a sa shi cikin tsari tun farko. Idan gasa za ta ratsa azahar, ku zaɓi masallacin da yake kan hanyarku, ku ware masa minti goma sha biyar, maimakon ku tarar an shimfiɗa tabarmi an tare lungun da kuka dogara da shi. Ranar Juma'a ba ranar wannan wasan ba ce sam.

Kafin ku nufi wurin ƙarewa, ku tsaya minti biyu a inuwa ku bi takardar daga ɗaya zuwa goma sha biyu, kowace lamba a buɗe hotonta a gani. Gara ku gano gurbi kuna nesa da teburin alƙalai da mita ɗari biyar da a gano muku shi bayan an rubuta lokacinku. Ku jera hotunan yadda lambobin suke, ko ku rubuta a gefen kowace lamba ƙarfe nawa aka ɗauki nata, saboda alƙali mai layi a gabansa ba zai jira kuna laluben hoto cikin ɗaruruwa ba. Ku bar wa wayar da hotunan suke ciki aƙalla kashi ashirin na caji. Kuma ku iso tare, kafaɗa da kafaɗa, domin agogo ba ya tsayawa sai na biyunku ya taka layi.